Kawu Mai Baho

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya kwashe mafi yawan rayuwarsa yana yi wa maza marasa lafiya wanka. A unguwa da coci ba mai kiran sunansa na gaskiya. Mai Baho ake ce masa, saboda wani shuɗin bahon roba da yake ɗaurewa a bayan kekensa, da tawul biyu da soso da sabulu a ciki. Dogo ne siriri, yatsunsa kullum a yamutse kamar na mai wanki, kuma in ya wuce ka sai ka ji ƙamshin sabulu ya biyo bayansa. Ba shi da yawan magana. Abin da na sani game da shi, rabi daga bakin Mama na ji, rabi kuma daga nasa, a guntu-guntu, bayan na girma.

Kakanmu mai bishara ne, kuma mutum ne mai tsanani a kan sutura. Mama ta ce har ta yi wayo ba ta taɓa ganin kafaɗar mahaifinta ba. Komai zafin gari, rigarsa mai dogon hannu ce, maɓallin wuya a rufe. Wa'azin da ya fi so shi ne na iyayenmu na fari, yadda suka yi zunubi suka gane tsirara suke suka ɓuya, har Allah da kansa ya suturta su. Yakan ce tun daga ranar jiki ya zama abin ɓoyewa, wanda duk ya bar nasa a buɗe ya raina kyautar Allah. In yaro ya fito daga banɗaki da tawul kaɗai a ƙugu, ranar sai ya kwana da shatin bulala.

Wannan mutumin ne ɓarin jikinsa ya shanye wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi. Kakarmu ta riga ta rasu. 'Ya'yansa mata ba su shiga maganar wanda zai riƙa yi masa wanka ba ma, don kowa ya san tsohon zai gwammace mutuwa. Saura 'ya'ya maza uku, kuma manyan biyu suka tsaya a bakin ƙofa suna tuna wa juna labarin da shi tsohon ya sha karanta musu, na dattijon da ya kwanta tsirara a alfarwarsa, ɗa ɗaya ya gani aka la'anci zuriyarsa, biyu kuwa suka shiga da baya suka rufe shi. Babban yaya ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana, ba zai jawo musu abin da ba su ji ba su gani ba. Na biyu ya ce matarsa na da ciki. Aka yi ta tura wa juna har ɗakin ya fara wari, tsohon yana kwance cikin ɓarnar da ya yi, fuskarsa a bango.

Kawu shi ne ƙaramin cikin maza, lokacin bai daɗe da gama makaranta ba. Ya ɗora ruwa a wuta, ya ce shi ba shi da 'ya'yan da za a la'anta, in ma la'anar ta zo sai ta rasa inda za ta sauka. Ya ba ni labarin ranar farko yana murmushi. Wai da baya ya shiga, kamar yadda aka yi a labarin, da baho a hannu, ya yi tuntuɓe da takalmin tsohon, ruwa ya malale har ƙarƙashin gado. Nan ya gane ba a yi wa mutum wanka da ƙeya. Sai ya samo babban zane ya lulluɓe mahaifinsa daga wuya zuwa ƙafa, ya riƙa buɗe wuri ɗaya, ya wanke, ya goge, ya rufe, sannan ya buɗe na gaba. Tsohon na kwance da bakinsa a karkace, hawaye ya yi ta bin gefen idonsa yana shiga kunne.

Daga ranar bai ƙara duban Kawu ba. In manyan 'ya'yan suka zo gaisuwa, yakan kama hannunsu da hannunsa mai lafiya, ya yi ta ƙoƙarin yi musu magana. Da zarar ya ji ƙarar baho a bakin ƙofa sai ya rufe ido, ba zai buɗe ba sai an fita. Haka aka yi kusan shekara biyu. Da ƙarshe ya matso, aka tara iyali, kowa ya durƙusa tsohon ya ɗora masa hannu a ka. Da aka zo kan Kawu ya ɗora hannun, amma fuskarsa na bango. Kawu ya ce ai hannu ya taɓa shi, albarka kuwa ba a ido take ba. Mama ta ce da ƙyar yatsun suka shafi gashinsa.

Wata nas da ke zuwa yi wa tsohon allura ta lura duk daɗewarsa a kwance bai yi gyambon kwanciya ko ɗaya ba. Bayan rasuwar ita ta yi wa Kawu hanya ya samu aiki a asibiti, a ɗakin maza. Aikinsa juya marasa lafiya, canza zanen gado, fitar da fo, da wanka. Yakan gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu. Yakan miƙa wa mutum gefen zanen ya ce ya riƙe masa, ba don yana bukatar taimako ba, sai don hannun mutumin ya samu abin yi. In hannun na motsi, idan aka zo wurin da ya fi nauyi sai ya ba shi soson ya juya yana gyara tawul. Kuma duk rashin maganarsa, a bakin gado yakan zama sarkin surutu. Ya tambayi birkila yadda ake gane bulo mai kyau, ya tambayi malamin makaranta halin yaran yanzu, ya ja mai son ƙwallo da musu har a gama bai san an gama ba.

Da labari ya bazu, mutanen coci suka fara kiransa gida. Wannan babansa ya faɗi, wancan an yi wa mijinta aiki. In ya tashi daga asibiti sai ya hau keke ya bi gidaje. Bai taɓa cewa a'a ba. Cikin 'yan shekaru, da wuya ka sami benci a ɓangaren maza da babu wanda Kawu ya taɓa ɗagawa kamar jariri.

A hankali ya lura da wani abu. Waɗanda suka mutu, iyalansu kan riƙe shi da daraja. Waɗanda suka warke kuwa sai su fara kauce masa. Mutumin da ya yi kuka a kafaɗarsa watan jiya, yau in sun haɗu a ƙofar coci sai ya ce sannu, sannu, idonsa a kan takalmi, ya tuna yana da wanda zai gani a can gefe. Ba ƙiyayya ba ce. Sukan aiko matansu da kwanon abinci har ɗakinsa, sukan sa sunansa a addu'a, amma ba mai cewa ya shigo a ci tare. Mutanen bencin da yake zama suka riƙa raguwa, shi ma ya riƙa ja baya don ya rage musu nauyi, har ya kai na ƙarshe, kusa da taga, inda masu latti ke zama.

Sau ɗaya maganar aure ta taso masa. Akwai wata mai ɗinki da shagonta ke kusa da ƙofar asibiti, tana cikin mawaƙan coci. Ita ke ɗinka masa fararen kayan aiki. Mace ce mai barkwanci. Takan ce duk mazan garin warin gumi suke yi, shi kaɗai ke ƙamshin jarirai, ba ta san ko aurensa za ta yi ko goya shi ba. Yakan tsaya a shagon bayan aiki, tana taka keke yana ware mata zare, har aka fara kiransu da juna. Magana ta kai ga manya, ana jiran lokaci kawai.

Ana cikin haka mahaifinta, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. 'Ya'yansa maza suna wasu garuruwa. Ita ta zo da kanta ta roƙi Kawu. Mama ta ce ita da kanta ta tare shi a ƙofa ranar, ta riƙe kan kekensa.

"Yaya, kada ka je. A nemo wani, ko daga asibitinku ne."

"In ban je wa mahaifinta ba, wa zan je wa?"

Ya je. Watanni yana zuwa safe da yamma, har dattijon ya tashi da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Da dangi suka koma don a tsayar da magana, ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo musu ruwa, ya ce yaron nan ba shi da aibu, ya yi masa abin da 'ya'yan cikinsa ba su yi ba. Sannan ya ce: "Amma ta yaya zan zauna a kujerata in kira shi ɗana, in yi masa faɗa in ya yi laifi, alhali ya san duk abin da ke ƙarƙashin rigar nan?"

Faston lokacin ya je ya yi magana, matar dattijon ta yi, 'yar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta daina hawa wurin mawaƙa. Bai sauya ba. Ita ba za ta yi aure ba tare da albarkar mahaifinta ba, Kawu kuma bai nemi ta yi ba. Bayan wasu shekaru ta auri wani a garin da yayanta yake, ta kwashe keken ɗinkinta ta tafi. Shagon ya zama na mai gyaran waya. Kawu ya koma sayen kaya ɗinkakku a kasuwa, wandunan duk sun yi masa gajarta. Bai ƙara neman kowa ba, kuma in Mama ta kawo maganar wata, sai ya tambaye ta lafiyar yara.

Shekaru suka tura, aka kawo sabon fasto, matashi mai zafin nama. Lokacin ana ta rigima a coci kan suturar 'yan mata, wasu na cewa a tsayar da mai tsaro a ƙofa ya riƙa mayar da masu wando, wasu na cewa za a kori yaran gaba ɗaya. Faston ya hau ya yi wa'azi mai tsawo. Ya ce Allah ne ya yi jiki, kuma da ya gama ya ga yana da kyau. Ya ce Mai Cetonmu da kansa ya tuɓe riga ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma a kan gicciye ba a bar masa sutura ba, don haka ba jiki ne abin kunya ba, zuciya ce. Da wa'azin ya ɗau zafi sai ya miƙa hannu can baya, ya ce a dubi Baba Mai Baho, ga wanda ya gane wannan tun kafin a haifi wasunmu.

Ina cocin ranar. Mata da matasa suka juya suna tafi. A ɓangaren maza kuwa kawuna suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya, kamar an ce a yi addu'a. Kawu ya zauna ƙiƙam, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

Bayan an tashi ya jira kowa ya watse, ya samu faston a ofis. Ya gode masa, sannan ya roƙe shi kada ya ƙara. Ya ce duk wanda ya juya ya dube shi yau, ba shi ya gani ba, mutanen da ya wanke aka tuna. Faston ya ba da haƙuri, amma ya ce ai wannan kunyar ce yake so a rabu da ita, ya tambaye shi ko shi ma yana ganin jiki abin kunya ne.

"Fasto, babana ya ce abin kunya ne, kai ka ce ba haka ba, ku duka kun fi ni karatu. Ni dai ban taɓa ganin abin kunya a jikin kowa ba. Amma ban taɓa buɗe wanda bai ji kunyar ba."

Faston bai sauya ra'ayinsa ba, ya ci gaba da wa'azinsa, wasu ma sun ce ya taimake su. Bai dai ƙara nuna Kawu ba. Mazan da ke ɗan tsayawa su gaishe shi a da, bayan wannan Lahadin suka koma ɗaga hannu daga nesa.

Da ya yi ritaya ya koma wani ɗaki ɗaya a bayan shagon kafinta. Gado, rediyo, risho, kofi ɗaya, kujera biyu. Ta biyun tawul ne a kai a ninke, in na zo sai ya kwashe su ya ɗora a gado in zauna. Ƙarar zarto ke cika masa ɗaki da rana, ya ce ya fi son hakan, ranar Lahadi da kafintan ba ya buɗewa ɗakin kan yi masa faɗi.

A wannan lokacin ne wata mata daga cocin ta zo neman taimako kan mahaifinta, tsohon direban babbar mota da hankalinsa ya fara gushewa. Ya manta sunayen 'ya'yansa, ya manta matarsa ta rasu, ya kuma manta kunya. Sai ya tuɓe a tsakar gida ya zauna shan iska, jikoki na gudu suna dariya. Sun daina kai shi sujada tun ranar da ya cire riga ana tsakiyar waƙa. In an zo yi masa wanka kuwa kokawa ce, ya taɓa fasa wa ɗansa leɓe.

Kawu ya shiga da bahonsa da babban zanensa, ya fara lulluɓe shi kamar yadda ya saba. Tsohon ya fizge zanen ya jefar, ya ƙura masa ido, fuskarsa ta washe.

"Gajere! Ashe kana nan? Ina ka shiga?"

Kawu dogo ne har kansa na taɓa saman ƙofa, amma ya amsa. Daga baya 'yar ta ce Gajere wani abokin babanta ne na ƙuruciya da suke zuwa iyo rafi tare, ya daɗe da mutuwa. Daga ranar wanka ya zama wasa. Tsohon ya watsa masa ruwa, ya ɓoye sabulu a hammata, ya ba shi labarin motar da ta ƙwace masa a gangare, yau a ce shanu ya ɗauko, gobe a ce siminti. In an gama ba ya yarda Kawu ya tafi sai sun ci abinci a kwano ɗaya, yana tura masa nama gabansa yana cewa ci, ko ka ƙara tsawo.

Kawu ya sauya a watannin nan. Ya riƙa zuwa gidanmu ba a kira shi ba, yana kwaikwayon muryar tsohon, yana dariya har da tari. Mama ta ce rabon da ta ji dariyar yayanta haka tun suna yara. Wata rana da na kai masa ziyara ya ba ni wani labari, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana kallon risho. Wai suna cikin wanka tsohon ya tsaya ya ce, Gajere, kai ba ka wanka ne, kullum ni kaɗai? Ya nace, ya fara fushi, har Kawu ya cire riga ya juya masa baya. Tsohon ya ɗauki soso ya cuɗa masa baya sosai, yana mitar dattin da babu shi. Kawu ya ce tun rasuwar mahaifiyarsu ba hannun da ya taɓa bayansa. Ya faɗi haka, ya tashi ya duba ruwan shayi da bai ko fara zafi ba.

Abin bai kai shekara ba. Babban ɗan tsohon, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya ce zai ɗauke shi, can akwai likitan irin wannan ciwon, ga gida mai fili. Ba wanda zai ce ya yi laifi. Ranar tafiya aka sa wa tsohon riga da wando masu guga da takalmi sau ciki, aka zaunar da shi a bayan mota. Kawu ya zo sallama, shi ma da kayan fita, hannu wofi. Ya sunkuya ta taga ya gaishe shi. Tsohon ya dube shi da ladabi irin na baƙo, ya amsa, ya juya ya tambayi 'yarsa ko wannan bawan Allah tare za a tafi da shi. Kawu ya ce a'a Baba, rakiya ce kawai, Allah ya kiyaye hanya.

Yanzu gwiwoyinsa sun hana shi hawa keke. Gidajen da ke kusa kaɗai yake zuwa, da ƙafa, kuma sun ragu, don yawanci yanzu asibiti ake kai mutane. Zuwana na ƙarshe ya tambaye ni ko wayata za ta iya kiran garin can. Na karɓo lamba wurin 'yar, na kira, matar ɗan ta ɗauka. Ta ce Baba lafiya lau, yana cin abinci, an samo wanda ke kula da shi. Kawu ya sa na gaya mata tsohon ba ya son ruwa mai zafi sosai, kuma a bar masa sabulun a hannu. Ta ce to, za ta faɗa. Sannan ta ce bari ta kai masa wayar.

Kawu ya karɓa da hannu biyu ya kara a kunne.

"Gajere ne," ya ce. "Gajere."

Ina jin numfashin tsohon daga inda nake zaune. Ya yi wani ɗan guntun sauti kamar zai fara waƙa, sai kuma muryar matar ta dawo tana cewa ya ajiye, barci yake ji. Kawu ya yi mata godiya, ya ce a gaida mai gida da yara. Ya goge wayar a jikin rigarsa ya miƙo mini, ya ce in tashi in kama hanya tun motoci ba su yi wuya ba, shi ma akwai wani tsoho a layin baya da ke jiransa kafin la'asar.